Makin da kwastoma ya tara bashi ne a wuyan mai kanti

Tun da babban kantin nan Hudson's Bay ya rufe ƙofofinsa a Kanada nake so in yi magana a kan wannan al'amari, domin abin da aka yi wa kwastomominsa ya tsaya mini a rai. Kamfani ne da aka kafa tun 1670, ya girmi ita kanta ƙasar Kanada da kusan shekara 200. A watan Maris na 2025 ya garzaya kotu neman kariya daga masu binsa bashi, kuma cikin abubuwan farko da ya yi har da dakatar da tsarin makin da yake ba masu sayayya. Mutum sama da miliyan 8 ne ke da maki a ajiye, wanda darajarsa ta kai kimanin dalar Kanada miliyan 58. Aka wayi gari babu tarawa, babu kashewa. Masu katin kyauta, wato katin da aka zuba wa kuɗi don a yi sayayya da shi a kantin, an ɗan ba su wa'adi zuwa farkon Afrilu, sannan zuwa farkon Yuni aka garƙame rassan gaba ɗaya. Wanda ya yi shekara da shekaru yana tsallake wasu shaguna yana zuwa nan saboda makin nan, ko ban haƙuri na kirki bai samu ba.

Ga wanda bai saba da tsarin ba, bari in ɗan warware. Manyan kantunan alfarma na Amurka da Kanada, irin su Saks Fifth Avenue da Neiman Marcus da Nordstrom da Bloomingdale's, kowanne yana da katin bashi mai ɗauke da sunansa. Kana tsaye a gaban mai karɓar kuɗi, ta naɗe maka takalmi ko turare, sai ta ɗago kai da murmushi ta ce ko kana so a buɗe maka kati a rage maka wani abu a cinikin yau. Minti biyu an gama, ba ka ma zauna ba. Daga nan duk dalar da ka kashe tana jawo maki, makin ya taru ya zama takardar sayayya. Sai kuma sauran garaɓasa: a kawo maka kaya gida kyauta, telan kanti ya rage maka tsawon wando ba ka biya ba, a bar ka ka shiga babban rangwamen shekara kafin a buɗe wa kowa. Kuma akwai matakai. A Nordstrom, kafin mutum ya hau matakin ƙoli sai ya kashe dala 15,000 a shekara guda, kuma ba a hawa a zauna, duk shekara sai an sake hawa.

Abin ba sabo ba ne. Neiman Marcus, wanda aka kafa a Dallas a 1907, ya fito da tsarinsa na InCircle tun 1984. A da ma kantin ba ya karɓar kowane kati sai nasa da na American Express, sai a 2011 ya fara karɓar Visa da Mastercard a rassansa. Wato akwai lokacin da riƙe katin kanti alama ce ta cewa an san ka, kai ɗan gida ne. Wannan tunanin shi ake ci gaba da sayar wa mutane har yau, alhali abin da ke bayan katin ya daɗe da canzawa.

Abin da ke bayansa banki ne. Nordstrom ya sayar wa bankin TD basussukan katinsa a 2015 a kan kimanin dala biliyan 2.2. Katin Macy's da na Bloomingdale's, waɗanda kamfani ɗaya ne ke da su, Citibank ne ke bayarwa. Kanti ya sa sunansa, banki ya ba da bashi, su raba abin da aka samu. Kuma ba ƙaramin abu ake samu ba. A 2022 Macy's ya samu dala miliyan 863 daga harkar kati kaɗai, a 2023 kuma ya faɗo zuwa miliyan 619 saboda mutane sun fara kasa biya. Duk wanda ya san yadda ribar sayar da tufafi take da ƙanƙanta zai gane cewa a wasu shekarun katin ne ke riƙe da kantin, ba riguna ba.

To daga ina kuɗin nan ke fitowa? Daga kuɗin ruwa da tarar jinkiri. Katin kantuna a Amurka yanzu kuɗin ruwansa ya haura kashi 30 cikin 100 a shekara, wasu har sun kusa 36. Mu yi lissafi mai sauƙi. Mace ta sayi jaka ta dala 1,000, aka ba ta makin da bai wuce dala 20 ko 30 ba. Idan ta biya duka a ƙarshen wata, ta ci riba, babu ruwanta da kowa. Idan kuwa ta bar bashin ya shekara, kimanin dala 300 zai hau kanta. Wato garaɓasar da mai hali ke morewa, wanda ke biya nan take ya tafi da makinsa, mai ƙaramin ƙarfi ne ke ɗaukar nauyinta, wanda ya sayi kayan da ya fi ƙarfinsa don a gan shi a wurin biki. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya tsaya ya yi tunani. Ga Musulmi kuma maganar ta wuce asara, domin riba ce tsagwaronta, kuma na san 'yan'uwanmu da dama a can da ke biyan katinsu tun kafin wata ya ƙare don kada ko sisi na ruwa ya hau, wasu ma sun ƙi karɓar katin gaba ɗaya saboda sharaɗin na cikin yarjejeniyar.

Akwai wani abu da ya faru a 2024 wanda ya nuna mini inda zuciyar masu harkar take. Hukumar kare masu hulɗa da bankuna ta Amurka, CFPB, ta fito da doka a watan Maris cewa a rage tarar jinkirin biya zuwa dala 8, daga abin da ya kai dala 30 ko fiye. Tun kafin dokar ta fara aiki, manyan kamfanonin da ke ba da katin kantuna irin su Synchrony da Bread Financial suka ƙara kuɗin ruwa, suka kuma ƙirƙiro cajin takardar lissafi ga wanda ke so a aiko masa ta gidan waya, suka ce suna cike giɓin da dokar za ta haifar ne. Wani alƙali a Texas ya dakatar da dokar a watan Mayu, a Afrilun 2025 kuma aka soke ta baki ɗaya. Giɓin bai taɓa zuwa ba. Ƙarin da aka yi kuwa ya zauna daram.

Wata 'yar'uwa da muke zumunci da ita, ma'aikaciyar jinya ce, ta nuna mini saƙon imel da wani babban kanti ya aiko mata. Kan saƙon yana mata albishir ne cewa an inganta tsarin don a ƙara kyautata mata. Sai da ta gangara can ƙasa, wurin ƙananan rubutun da sai an matso da waya kusa da ido, ta ga an ɗaga adadin da za ta kashe kafin ta riƙe matakinta, an cire gyaran ɗinki na kyauta, makin kuma an sa masa wa'adin mutuwa. Ta daɗe tana sayen kayan sallar yaranta da na tsarabar gida a wurin, tana ƙin zuwa inda ya fi araha don kada matakinta ya faɗi. Abin da ta ce mini shi ne: "Yaya, ba kuɗin ba ne ya dame ni. Da sun ce mini gaskiya sun kasa, da na fahimta. Amma a ƙwace maka abu a ce ka yi murna?" Ta so ta rufe katin a ranar, sai ta tuna rufe tsohon kati yana iya rage wa mutum darajarsa a ma'aunin bashi, wanda da shi ake duba ka idan za ka kama haya ko ka sayi mota. Haka ta mayar da shi jaka tana ƙunar rai.

Ba zan ce kantunan nan ba su da hujja ba. Suna cikin mawuyacin hali, kowa ya gani. Barneys ya durƙushe a 2019. Neiman Marcus ya shiga kotun karayar arziki a Mayun 2020, Lord & Taylor ya bi bayansa a shekarar. Manyan kamfanonin kayan ƙawa sun buɗe shagunansu na kansu, ciniki ya koma intanet, matasa ba sa zuwa su yini suna zagaya bene bakwai. A Disambar 2024 kamfanin da ke da Saks ya saye Neiman Marcus a kan kimanin dala biliyan 2.7, galibi da kuɗin aro, kuma bayan 'yan watanni ya rubuta wa masu kawo masa kaya cewa zai riƙa biyansu bayan kwana 90, tsohon bashi kuma a hankali a hankali. Kantin da ke jan ƙafa wurin biyan mai kawo masa kaya, ba abin mamaki ba ne ya waiwayo kan garaɓasar kwastoma. Na yarda ba wanda za a tilasta wa ya ci gaba da kyautar da ba zai iya ba.

Amma a nan ne nake so a rarrabe abu biyu, domin cakuɗa su ne ke sa ake cutar mutane. Akwai abin da kanti zai bayar nan gaba, akwai abin da kwastoma ya riga ya samu. Na gaba, mai kanti yana da iko da shi. Ya fito fili ya ce daga watan kaza ba za mu ƙara yin kaza ba, wanda ya ga zai zauna ya zauna, wanda ya ga zai tafi ya tafi. Na baya kuwa an gama ciniki a kansa. An ce wa mutum kashe dala kaza ka samu kaza, ya kashe. Ya cika nasa ɓangaren. Makin da ke cikin asusunsa ba alheri ba ne da za a janye idan an ga dama, ladan abin da ya riga ya yi ne. Ko a kasuwar ƙauye, mai awo zai iya cewa daga yau ya daina gyara, amma ba zai bi ki gida ya kwashe gyaran da ya zuba miki jiya ba. Su kansu kamfanonin sun san haka, shi ya sa a littafin lissafinsu suke rubuta makin da ba a kashe ba a ɓangaren abin da ake binsu. A gaban masu hannun jari bashi ne. A gaban kwastoma sai a ce masa ai sharuɗɗa sun ba mu damar canzawa a kowane lokaci.

Kuma dubi yadda ake tsara garaɓasar tun farko. Katin Platinum na American Express ya shigo da kyautar dala 100 a shekara ta sayayya a Saks a 2018, amma an raba ta biyu, dala 50 a rabin farko na shekara, 50 a na biyu, wadda ba ka kashe ba ta wuce. Dala 50 a Saks me za ta saya? Jan baki, ko safa. An san da haka. Manufar ita ce ka taka ƙafarka ka shiga sau biyu a shekara, ka fito da abin da ya ninka hamsin ɗin. Kuɗin riƙe katin kuwa ya tashi daga dala 695 zuwa 895 a 2025. Ban ce haramun ne a jawo hankalin mai saye ba, kasuwa ke nan. Ina cewa ne wanda ya iya lissafi har haka wurin jawo ka, bai kamata ya ce bai san ciwon da zai ji maka ba ranar da ya janye.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, kantunan nan sun taɓa sanin yadda ake riƙe mutum ba tare da maki ba. Nordstrom, wanda ya fara a matsayin shagon takalmi a Seattle a 1901, sunansa ya yi tashe ne saboda karɓar kayan da aka mayar ba tare da wulaƙanta mutum ba. A irin waɗannan kantuna akwai masu sayarwa da ke da ɗan littafinsu, sun san lambar takalminki, sun san launin da mijinki ba ya so, su kira ki idan abin da kike nema ya iso. Mutane sun bi irin waɗannan ma'aikata shekara ashirin, talatin. Yanzu an rage su, ka shiga sashe guda ka yi ta waige-waige babu mai kula ka, an maye gurbinsu da manhaja mai ƙirga maki. Wanda aka koya wa zama saboda maki kuwa, ranar da wani ya ba shi maki mafi tsoka zai tashi, kuma ba shi da laifi.

Jihar New York ta ɗan yi abin a yaba. Tun Disambar 2023 dokarta ta ce idan za a canza ko a soke tsarin makin katin bashi, dole a sanar da mai katin, a kuma ba shi kwana 90 ya kashe abin da ya tara. Wannan shi ne mafi ƙarancin adalci, kuma ya kamata a ce ko'ina haka yake, har a kantunan da makinsu bai rataya da kati ba. Ni zan ƙara da cewa a hana rage darajar makin da aka riga aka tara, ko da an ba da sanarwa, sannan a tilasta wa kanti ya rubuta abin da ya cire a saman saƙo da manyan baƙaƙe kamar yadda yake rubuta rangwame. Idan kuma kanti ya karye, a daina jefa mai maki da mai katin kyauta can ƙarshen layi bayan bankuna da masu gidajen haya, a ware musu wa'adi tabbatacce da kotu za ta tsaya a kai.

Kafin a kai ga haka, 'yan'uwa da ke can, da masu zuwa hutu su yi tsaraba, ku duba asusunku a wannan makon. Makin da ya isa a kashe, ku kashe shi. Katin kyautar da ke cikin durowa tun bara, ku fito da shi. Idan saƙo ya zo da albishir ɗin an inganta tsari, ku fara karantawa daga ƙasa.