Ku ƙyale malamar nan ta yi aikinta

Wai don Allah me malamar nan ta tsare muku ne? Kun dai ga bidiyon, kun ga abin da ake rubutawa a ƙasansa. Baiwar Allah ta sa ɗalibanta sun yayyanka gorar roba sun jefa a kwalaben ruwa, bayan 'yan makonni suka ciro suka ga ta yi yauƙi, shikenan aka yi mata caa, wai ta mayar da aji bola, wani har da cewa ba ya cikin manhaja. Sannu sarkin manhaja, Allah ya ja zamaninka.

To yauƙin nan da kuke ƙyama shi ne darasin gaba ɗaya. Roba na faɗawa ruwa ba a daɗewa bakteriya za su fara maƙale mata, su yi wani santsi su lulluɓe kansu a ciki, daga nan gansakuka da sauran ƙananan halittu su biyo baya. A 2013 masu binciken teku na garin Woods Hole a Amurka sun tsamo ɓarɓashin roba daga tekun Atlantika suka duba, suka tarar da bakteriya kala-kala har da Vibrio, wato dangin da mai kawo kwalara take ciki. Kuma roba ba ta ruɓewa kamar ganye, sai ta yi shekara da shekaru tana yawo da fasinjojinta daga wannan gaɓa zuwa waccan. Wani binciken na 2018 a kan murjanin teku, wato halittun nan masu kama da dutse da ke tsirowa a ƙarƙashin teku, ya nuna yiwuwar kamuwa da cuta kashi 4 cikin ɗari ce in babu roba, amma in roba ta maƙale masa sai ta haura zuwa kashi 89.

Yanzu ka rubuta wannan a allo yaro ya kwafa ya haddace, ya juye maka ranar jarrabawa, gobe ya sha ruwa ya wurgar da gorar a kwata. Wanda ya ɗaga kwalba ya ga yauƙin da idonsa, wallahi shi ba zai manta ba. Yaro ya gani, shi ne maganar, ya gani da idonsa.

Masu cewa yaran za su kwashi cuta, akwai safar hannu, akwai sabulu, kwalba kuma tana da murfi, mu wuce wajen. Masu cewa yaran ba su taɓa ganin teku ba, to ledar da ta bi kwata ta shiga kogi ina kuke zaton za ta? An ƙiyasta wajen tan miliyan 8 na roba ne ya shiga teku daga tudu a 2010 kaɗai, ba kifaye ne suka zubar ba.

Gaskiya abin ya taɓa ni, don samun malamin da zai wahalar da kansa haka ba don an sa shi ba sai an tona, mu kuma mun samu muna jifa.

Af, ku kuma masu turo min labarin bakteriyar da aka gano a Japan a 2016 mai cin roba wai an gama da matsalar, ku daina don Allah. Wajen sati shida ta ɗauka kafin ta cinye wani siririn fallen roba, a ɗakin gwaji, an daidaita mata zafi, kuma irin robar gora kawai take ci. Ku riƙa buɗe labari kuna karantawa kafin ku tura wa mutane da tsakar dare.