Aljanin da Na Ɗauka Aiki a Shagona

Ina da ɗan shagon gyaran waya a wajen Ƙofar Ƙwaya a birnin Katsina, kuma duk wanda ya taɓa wuni yana leƙen cikin waya da ƙarfen narka dalma a hannu ya san cewa shiru yana kawo gyangyaɗi. Da farko da laftof nake sa kiɗa, amma da ita ɗin nake yi wa wayoyin mutane filashin, saboda haka duk sanda na sake kunna ta sai waƙa ta yanke a tsakiya. Wannan ne ya sa da na je Kano sayo kayan gyara na haɗo da wata 'yar kwamfuta mai suna Raspberry Pi 3, wadda faɗinta bai wuce na katin cirar kuɗi ba, da niyyar in mayar da ita makaɗin shago na dindindin.

Na ɗora mata Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, sannan na saka wata manhajar kiɗa da ake kira MPD. Ita wannan manhaja ba ta da fuska ko kaɗan: ba taga, ba maɓallin dannawa, ba hoton mawaƙi. Tana zaune ne a bayan fage tana kasa kunne a ƙofa mai lamba 6600, idan ka aika mata umarni daga wayarka ta kan wayifai sai ta saki kiɗa ta lasifika. Matsalar ita ce kowace safiya sai na jona allon rubutu na tashe ta da hannu, ni kuwa ba don in ƙara wa kaina aiki na kashe kuɗina ba. Sai na miƙa ta ga systemd, wato sarkin gida na Linux, wanda shi ne ke fara tashi idan an kunna na'ura, sannan ya bi sauran ma'aikata ɗaya bayan ɗaya yana tayar da su. A nan na koyi bambancin umarni biyu. Idan ka ce masa start, ka ce ne ya tashi ma'aikacin yanzu kawai. Idan kuwa ka ce enable, to ka rubuta sunansa ne a rajista, kullum aka kunna na'ura zai tashi ko kana nan ko ba ka nan. Na ba da umarni na biyun ina murmushi, har na haɗa da wani ɗan'uwansa mai suna mpd.socket, ba don na san amfaninsa ba sai don na ga sunayensu sun yi kama.

Kwana biyun farko ko tari makaɗin nawa bai yi ba. Ashe idan manhajar tana aiki a matsayin hidimar na'ura ba da sunana take aiki ba, da sunan wani ma'aikaci na daban ne da ake kira mpd, shi kuwa ba shi da izinin shiga jakar da na zuba waƙoƙina. Na ɗauki yaro aiki ke nan na hana shi mabuɗin sito, sannan ina faɗan bai kawo kaya ba. Da na kwashe waƙoƙin na mayar inda yake da iko, sai kalangu ya cika shago, na miƙe tsaye na tafa wa kaina ni kaɗai.

Kuskurena na gaske ba a na'ura na yi shi ba, da bakina na yi shi. Baba mai gadin layinmu ya leƙo ya ga kiɗa na tashi alhali laftof tana rufe, ya tambaye ni wa ke sa waƙar. Maimakon in ce masa na'ura ce in huta, sai iyayi ya kama ni, na shiga yi masa bayanin cewa harafin ƙarshe na sunan manhajar yana nufin dimon, kalmar da masana kwamfuta a Amurka suka ara tun 1963 don kiran irin waɗannan manhajoji da ke aiki a ɓoye ba a ganinsu, kuma a kunnen Bature kalmar ba ta da nisa da aljani. Na yi dariya. Baba bai yi ba. Ya dubi ɗan akwatin da koriyar fitilarsa ke ƙiftawa, ya ce, "Allah ya kyauta, ɗan nan," ya ja takalmansa.

Ranar wata Laraba da yamma mai walda na kusa da mu ya tayar da janareta, saboda haka na murɗa amfilifaya har ƙarshe don in ji abin da nake saurare. Abin da ke ciki a lokacin kuwa wani tsohon kiɗan garaya ne da na kwafo daga kaset ɗin kakana, na kuma sa shi ya riƙa maimaita kansa saboda ina son yadda makaɗin ke tsinkar tsirkiya. Kafin magariba aka ɗauke wuta. Komai ya yi tsit, na rufe shago na tafi gida, ban kashe ko da soket ɗaya ba, domin a ganina abin da ya mutu ba ya bukatar kashewa.

Abubuwa uku ne suka haɗu a kaina waɗanda kowannensu na san shi amma ban taɓa jera su wuri guda ba. Wannan 'yar kwamfuta ba ta da makunni, da wuta ta shige ta take tashi. MPD kuma tana da fayil ɗin da take rubuta halin da take ciki minti biyu bayan duk wani canji, waƙar da take kai da wurin da ta tsaya, don idan ta farfaɗo ta ɗora daga inda aka kwana. Shi kuwa systemd ba ya duba agogo kafin ya cika alkawari.

Ƙarfe biyu da rabi na dare aka kawo wuta.

Ni ban ji farkon abin ba, labari aka ba ni daga baya, kuma kowa da irin nasa. Abin da aka yi ittifaƙi a kai shi ne cewa garaya ta tashi daga cikin shago kulle da kwaɗo biyu, da ƙarar da ta ishi filin biki, kuma duk Bakatsine ya san da waɗanne baƙi ake danganta garaya da tsakar dare. Baba mai gadi ya bar sandarsa da cocilansa da takalmi ƙafa ɗaya a bakin shagon. Kafin a kira ni a waya an riga an taso limamin masallacin layi, an kuma taso kawuna wanda shagon nasa ne nake haya.

Na iso a kan babur da rigar barci, na tarar da mutum kusan ashirin sun yi da'ira nesa da ƙofa, Malam yana gaba yana karanta Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu, garaya kuwa ta kai ƙarshe ta sake komawa farko. Na laluba aljihu, sai na tuna mabuɗan suna cikin wandon da na tuɓe. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai, mi ka aje a cikin shagon nan?" Ban amsa ba, domin dabara ta faɗo mini: na'urar wayifai ma ai ta tashi tare da wutar. Na matsa jikin ƙofa, na ciro waya, na miƙa hannu sama don ta kama, na danna dakatarwa. Nan take kiɗa ya ɗauke ɗif.

Na juyo ina jiran a yaba mini, sai na ga da'irar ta ƙara faɗi. A idon jama'a abin da ya faru shi ne Malam ya yi minti ashirin yana karatu abin bai saurara ba, ni kuwa na ɗaga hannu sau ɗaya ya yi shiru. Daga bayan taro na ji muryar Baba yana cewa, "Ai da bakinsa ya gaya mini, har sunansa ya faɗa."

Da safe Kawu ya zo da Malam don a warware magana. Na buɗe laftof, na kunna garayar a hankali, na nuna musu akwatin da wayoyinsa, sannan na ce su lura zan kashe shi gaba ɗaya a gabansu. Na rubuta umarnin tsayar da hidimar, kiɗa ya mutu. Wani layin gargaɗi ya fito a allo yana cewa mpd.socket na iya sake tayar da ita, amma ina cikin jawabi ban tsaya karantawa ba. Aikin wannan ɗan'uwa da na ɗauka a makance ashe shi ne tsaron ƙofa ta 6600, duk wanda ya ƙwanƙwasa sai ya je ya taso maigidan ko da an kwantar da shi. Ina cikin cewa, "Kun gani, Allah gafarta Malam, ba ya tashi sai da izinina," sai yaron shagona ya yi sallama ya shigo yana latsa wayarsa, wadda ni da kaina na saka wa manhajar sarrafa kiɗan. Wayar ta ƙwanƙwasa, aka buɗe mata, garaya ta ɗora daidai inda ta tsaya.

Malam ya miƙe a natse ya naɗe carbinsa, ya ce wa Kawu yana da ɗaurin aure a Rafindadi.

Gyaran bai ɗauke ni minti biyar ba. Layi ɗaya na ƙara a fayil ɗin saiti, restore_paused, wanda ke sa manhajar ta farka a tsaye har sai an ce ta ci gaba. Na sa mata kalmar sirri, na sallami mai tsaron ƙofa daga rajista, sannan na rubuta da alli a bayan ƙyaure cewa a zare amfilifaya kafin a rufe. Kawu dai ya ce ko ma mene ne, garaya ba za ta sake kwana a shagonsa ba, kuma ya tsaya a kaina har na goge ta.

Baba mai gadi ya mayar da bencinsa ƙofar mai walda, kuma idan zai wuce da safe yana gaishe ni da "ina kwananku" ko da ni kaɗai ne a ciki. Makon da ya wuce wata tsohuwa ta shigo ba tare da waya ba, ta jira sai da masu gyara suka watse, ta kwance bakin zanenta ta ajiye naira ɗari biyar a kan teburina, ta rage murya ta ce akuyarta ce ta ɓata tun ranar Lahadi, ko zan taimaka in tambayar mata mutumin nawa.