Kaka ta zo, ina za mu zauna mu kalli sabon fim a Damagaram?

A makon jiya ɗan ƙanwata, wanda bai wuce shekara 14 ba, ya same ni a zaure ya ce, "Kawu, wai da gaske ne a zamaninku kuna biyan kuɗi ku shiga kallon fim tare da mutanen da ba ku sani ba?" Na ce masa gaskiya ne, kuma fili ne mai katanga, babu rufi, allo na gaba, taurari na bisa kanmu. Sai ya miƙo mini wayarsa. Sababbin finafinai ne cike da ita, na Kano da na Indiya da aka fassara da Hausa, duk mai turi, wato mai tura wa mutane finafinai a waya, ya zuba masa da ƴan kuɗi kaɗan. Shi kaɗai yake kallonsu, da abin sauraro a kunne, cikin duhun ɗaki.

Tambayar yaron ta tsaya mini a rai saboda lokacin da ta zo. Damina ta ɗauke, gero ya shiga rumbu, gyaɗa da wake sun fito kasuwa, kuɗi sun ɗan zaga hannun mutane, sanyin hunturu kuma bai kai ga korar kowa cikin ɗaki ba. Tun kaka da kakanni wannan ne lokacin fitowa dandali, lokacin kokowa da dambe da bukukuwan aure. A manyan biranen duniya, a irin waɗannan watanni gidajen sinima ke lika jerin sababbin finafinai da ranakun nuna su. Mu a nan sabon fim shigowa yake yi a ɓoye, daga waya zuwa waya, ba wanda ya san ranar da ya iso.

Ra'ayina shi ne Damagaram na bukatar wurin kallo na haɗuwa, mai tsayayyar rana a kowane mako, wanda ake biya a ƙofa. Ban ce a gina katafaren gida mai na'urar sanyaya ɗaki ba. Fili mai katanga da farin allo da majigi mai kyau sun isa a fara.

Dalilina na farko ya shafi mu kanmu. Wannan gari ba baƙo ba ne a idon kyamara. Aïcha Macky, ƴar garin nan, ta fitar da fim ɗinta mai suna Zinder, wato ɗaya sunan Damagaram, a shekarar 2021, a kan matasan unguwar Kara-Kara, inda a da aka keɓe kutare, da ƙungiyoyinsu da ake kira "fale". Ta nuna su suna ɗaga ƙarfe, suna fasa-ƙwaurin man fetur daga iyakar Najeriya, suna neman hanyar fita daga rayuwar da suka tsinci kansu ciki. Kafin ita, a 2016, Rahmatou Keïta ta yi Zin'naariyâ!, labarin da ta kafa a masarautar Damagaram. Finafinan nan sun zaga bukukuwan fim na ƙasashen waje, mutanen da ba su taɓa taka unguwar Birni ko ta Zango ba sun zauna sun kalle mu, sun tattauna a kanmu. To mu fa? Fim irin na Kara-Kara ba na kallon waya ba ne. Ana so uba ya gan shi yana zaune kusa da ɗansa, ɗan kasuwa ya gan shi kusa da ɗan kabu-kabu, malamin makaranta ya gan shi kusa da yaron da aka kora daga aji, a tashi ana gardama har a kan hanyar gida. Wani zai ce an tona mana asiri, wani ya ce a'a, an dai nuna mana abin da muke kau da kai ne. Wannan gardamar ita ce amfanin fim ɗin, kuma ba ta faruwa idan kowa ya kalla shi kaɗai. Nunin rana ɗaya, da manyan baƙi da jawabai, ba ya haifar da ita. Sai abin ya zama na kowane mako, har mutum ya san cewa daren Asabar akwai inda zai je.

Kuma ƙasar nan tana da tarihin da ya kamata ya sa mu jin kunyar wannan rashi. Moustapha Alassane ya fara yin finafinai tun farkon shekarun 1960, har da na zane mai motsi. A 1972, karon farko da aka ba da babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, ɗan Nijar ne ya ɗauke ta, Oumarou Ganda. A nan Damagaram kuwa, duk wanda ya girma da wasannin kwaikwayon Yazi Dogo ya san mutanen garin nan ba sa rowar dariya ko tafi idan an ba su abin da ya yi kama da rayuwarsu. Masu kallo na nan, wurin zama ne babu.

Dalili na biyu kuɗi ne. Abin da ɗan ƙanwata ya ba mai turi ya tsaya a aljihun mai turi. Ba na zarginsa, shi ma abinci yake nema. Amma wanda ya ci bashi ya yi hayar kyamara, ya ciyar da ƴan wasa, ko dala ba ta koma gare shi ba. Shi ya sa masu shirya fim na Kano da yawa suka koma dogon zango a YouTube, inda tallace-tallace ke ɗan biyan su. Matashinmu da ke son yin fim da Hausar Damagaram, da karin maganarmu da gidajenmu na ƙasa masu zane, ba shi da kasuwar da za ta mayar masa da uwar kuɗi. Kuɗin ƙofa, ko da ɗan kaɗan ne, idan ana raba shi da mai fim a bayyane, shi ne matakin farko na samun wannan kasuwa. Don haka ban goyi bayan a ce kyauta ba. Mun ga majigin kyauta da ƙungiyoyi ke kawowa don wayar da kai. Yana da amfaninsa, amma ranar da tallafi ya ƙare, ranar allo ke naɗewa.

Na san abin da iyaye da malamai za su ce, kuma ba zan raina shi ba. Sinima ta bar mummunan suna a ƙasar Hausa: wurin shaye-shaye, wurin cuɗanyar maza da mata, wurin da yaro ke koyon abin da ba a koya masa a gida ba. A wasu wurare haka abin ya kasance. Sai dai mu dubi inda muke yau. Fim ɗin da aka haska a allo gaban mutum ɗari biyu, kowa ya san abin da ke cikinsa, mai unguwa na iya zuwa ya gani, liman na iya tambaya. Wanda ke cikin wayar yaro da tsakar dare, wa ya tace shi? Idan tarbiyya ce damuwarmu, kallon fili ya fi kusa da ita. A ware ɓangaren mata da iyali, a fara bayan sallar isha'i, a tashi da wuri, a sanar da sunan fim tun kwana uku kafin ranar.

Maganar wuta gaskiya ce, duk mun tuna yadda muka sha duhu bayan da Najeriya ta yanke lantarki a 2023. Amma majigin zamani ba ya cin wuta sosai, batir da faifan hasken rana na iya riƙe shi awa biyu. Gidajen kallon ƙwallo sun daɗe da magance wannan, suna cika duk daren da ake wasan Turai.

Su ne ma nake ganin ya dace a fara da su, tare da gidan al'adu da filayen makarantu da ɗaliban Jami'ar André Salifou masu sha'awar harkar. Ma'aikatar magajin gari ba sai ta fitar da kuɗi ba. Ta ba da izini da fili, ta sassauta haraji na watannin farko. Kano ba ta kai tafiyar yini ba, ana iya yin yarjejeniya da masu fim a can su ba da sabon aikinsu a haska a nan mako guda kafin ya hau intanet. A haɗa da gajeren fim na ɗan gida kafin babban ya fara, ko na minti goma ne.

Na yi wa ɗan ƙanwata alkawari, duk daren da aka kafa allo a garin nan ni zan biya masa kuɗin shiga, da sharaɗin ya bar wayar a hannun mahaifiyarsa. Ya ce ya yarda, amma in zo da abokansa biyu.