Ruwan Birest da ruwan Madarunfa

A tashar jiragen ruwa ta Birest, a yammacin Faransa, ana liƙa jadawalin cikar teku da janyewarta kamar yadda muke liƙa lokutan salla. Wani masunci da ya ji daga Maraɗi na fito sai ya ce, mutumin Sahel ina ya san ruwa? Maganar ta tsaya mini a rai.

Tekunsu tana cika ta janye sau biyu a yini, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25. Wata take bi: ta fi ƙarfi a tsayuwarsa da cikarsa, Faransawa har maki suke ba ta, daga 20 zuwa 120. Inda babu zurfi, wannan kai da komo yana gugar ƙasa, ya dama ruwan tun daga gindi har sama kamar fura a ƙwarya. Takin da ke kwance cikin laka ya taso, amma ƙananan tsirran nan da ido ba ya gani, waɗanda ake kira falankiton, ruwa yana jan su ƙasa inda haske bai kai ba. Inda zurfi ya yi yawa kuwa, zafin rana yana ɗumama sama, ruwan ɗumi ya hau bisa mai sanyi, su ƙi haɗuwa. Haske ya samu, taki ya ƙare.

Albarkar tana kan iyakar biyun, inda taki da haske suka gamu. Akwai irin wannan iyaka kusa da tsibirin Wesan, yamma da Birest, can kifi ke taruwa, tsuntsaye na binsa. A 1974 masana teku biyu, Simpson da Hunter, suka nuna a Tekun Ailan, tsakanin Ailan da Birtaniya, cewa zurfin ruwa da saurin gudunsa ne ke yanke inda iyakar za ta tsaya.

Na yarda, sun auna sun rubuta. To amma masuncin tabkin Madarunfa, kusa da Maraɗi, fa? Tabkinmu ba ya cika ya janye kullum kamar teku, iska ce muciyarsa. Lokacin bazara ruwa yakan kwanta, ƙasansa ya rasa iskar shaƙa. Hadarin farko ya zo da guguwa da sanyi, ya juye shi, da asuba ka ga karfasa a sama tana haki, tarwada ce kaɗai ba ta damu ba. Mai kiwon kifi yakan tsoma hannu har gwiwar hannu: in tafin ya ɓace tun bai kai can ba, ruwa ya yi kore fiye da kima, a dakatar da taki. Santimita 30 zuwa 40 ke nan, abin da masana suke aunawa da farin faifai da igiya.

Abin da ke ci mini rai, wannan sani yana bakin dattawa ne kawai. Gulbi yana kawo rairayi kowace damina, tabki yana cikewa, samari sun koma kabu-kabu. Faifai, igiya da littafi ɗaya a bakin tabki, a rubuta kowace Juma'a, kuɗinsu bai kai na buhun gero ba.