Kafin mu zargi boko, ina gayaunar yaron?

Duk sanda na je gida na zauna da dattawa a ƙofar masallaci, kukansu ɗaya ne: boko ya kwashe yara, babu mai son riƙe fartanya. Ni ban yarda ba, na kuma faɗa wa Baffa haka, ya ce tun da na koma birni bakina ya yi kaifi.

Ku duba samarin garinmu da ke acaɓa a Kudu ko ga-ruwa a Abuja. Da yawansu ko firamare ba su gama ba. To wane bokon ne ya kore su?

A da, gandu yana da ƙa'idarsa. Saurayi ya yi wa maigida aiki daga safe zuwa azahar, da yamma ya wuce gayaunarsa, abin da ta ba shi nasa ne, ko gyaɗa ko barkono. Maigida ne ke ciyar da shi, ya biya masa haraji, ya yi masa auren fari. Yanzu fa? Rabon gado ya yayyanka gonaki har wata ba ta fi filin ƙwallo ba, gayauna ta ɓace, aikin dai yana nan. Ƙato mai shekara 25 ya sha rana tun daga sharar gona har girbi, kaka ta yi a loda buhuna a yi Dawanau da su, shi kuwa ko kuɗin katin waya sai ya roƙa. Wallahi ko ni ne, tasha zan nufa.

Ba wanke makaranta nake yi ba, ita ma da nata laifin. A tamu, in ka makara fartanya ake miƙo maka ka je ka nome bayan aji. Shekara shida ana nuna wa yaro cewa sana'ar ubansa horo ce! Darasin noma kuwa a allo ya ƙare, muna zana koko da roba, mu da gero da wake suka raina. Ga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, tushenta tun 1922, tana fitar da irin wake SAMPEA da masara SAMMAZ, amma ban taɓa jin sunanta a aji ba. Da malamin lissafi ya sa mu auna gonar gidanmu, mu lissafa buhun yuriya nawa za ta ci da ribar da za ta bari, da iyayenmu sun ga amfanin allon da idonsu.

Sai kalanda. An yi shirin gwamnati na ilimin firamare ga kowa, UPE, a 1976, an yi na ilimin matakin farko ga kowa, UBE, a 1999, har gobe zango na uku yana faɗowa daidai shuka da noman farko, sabuwar shekarar karatu kuma ta ci karo da girbi. Uba ya rasa yadda zai yi, ya cire yaron mako uku, ya dawo an wuce shi, a ce daƙiƙi ne. Daga nan ba boko, ba gona.

Bana na roƙi Baffa ya yanka wa autansa ko kunya 20 a bakin fadama, ya zuba albasa bayan an tashi makaranta, kuɗin ya zama nasa. Ya ce zai duba bayan Sallah. Yaron dai yana nan tukuna, amma ranar kasuwa na ji shi yana tambayar wani direba nawa ne kuɗin motar Legas.