Galurar da ba ta da suna

Wallahi raina a ɓace yake. Shekara talatin da ɗoriya kawuna yana rinin shadda a wajajen Ƙofar Marusa, hannuwansa sun rine har gwiwa, ba sabulun da ke fitar da su. Watan jiya ya fara fitsarin jini, ba zafi ba raɗaɗi. Mai kemis na unguwarmu ko tambaya bai yi ba, ya ce tsargiya ce, ya ƙulla masa ƙwayoyi. Har sau biyu! Sai a asibiti likita ya tambayi sana'arsa, yana jin marini ne ya ce a yi hoton mafitsara. Sakamako muke jira.

Jiya na je wurin mai sayar masa da galura. Gari ne ja da shuɗi a ƙulle cikin farar leda, ba suna, ba kamfani, ba gargaɗi. Na ce, "Alhaji, don Allah me ke cikin wannan?" Ya ce, "Yaro, haka nake sarowa, haka nake sayarwa. Wa rini ya taɓa kashewa?"

Wannan amsar ce ta hana ni barci, don maganar ba ta yau ba ce. Tun 1895 wani likita a Jamus, Ludwig Rehn, ya lura ma'aikatan masana'antar rini suna kamuwa da kansar mafitsara. Daga baya aka gano sinadaran rini masu ɓarnar, irin su benzidin. Wani kuma mai suna toluidin, da aka riƙa zuba wa ɓerayen gwaji a abinci, ƙari ya fito musu a mafitsara. Ta fata yake shiga jikin mutum, ko ta numfashi. Hanta ta juya shi ya zama dafi, ya gangara cikin fitsari, ya kwanta a mafitsara yana lalata ƙwayoyin bangonta. Cutar kan yi shekara ashirin ko fiye kafin ta nuna kai, lokacin wa zai tuna da wata leda?

Ban ce kowace galura guba ce ba. To amma ta yaya Kawu zai bambance? Tarayyar Turai ta hana rinin da ke sakin irin waɗannan sinadarai a tufafi tun 2002. Mu nan sai a auna maka da cokali kamar yaji. Kakanninmu da baba da toka suka yi rini a karofi, sun san abin da suka zuba. Yau almajiri ɗan shekara goma ke dama tukunya da hannu tsirara, ruwan kuma a kwarara shi a kwata, awaki na bi. Masu alhakin duba kayan kasuwa fa? Ranar karɓar haraji kaɗai muke ganin ƙeyarsu.

Ina tsaye a shagon wani yaro ya miƙo kuɗi, Alhaji ya ɗebo ja da hannunsa, ya ƙulle masa.