Yadda Na Yi wa Maƙwabcina Taki Kyauta

Taraktata tsohuwa ce, amma ba ta taɓa ba ni kunya ba sai ranar da na ce zan koya mata abin da maƙeranta ba su koya mata ba. A bayanta akwai guntun ƙarfen nan mai juyawa da makanikai ke kira PTO, inda ake jona injin yankan ciyawa ko na watsa taki. Nawa mai tsaga 6 ne, gudunsa ɗaya tal: juyi 540 a minti, wato sau 9 kafin daƙiƙa ɗaya ta wuce. Mai godiyar Allah zai ce ya isa.

Ni kuwa sai na sayo tsohon famfon ruwa irin wanda tarakta ke juyawa, an buga juyi 1000 a jikinsa, bakinsa mai tsaga 21. Na kawo shi gida, na yi ta cusawa, ya ƙi shiga. Ƙanena, wanda ya ɗan yi karatun kanikanci kuma ba ya bari a manta, ya ce, "Yaya, ai da gangan aka yi haka. Tun 1958 da aka fito da ma'aunin 1000 aka bambanta bakin, don kada wani ya jona na 540 a kan mai gudu." Na ce to, wancan "wanin" suke tsoro, ba ni ba.

Na taɓa ganin ƙananan taraktocin Japan masu liba a gefe, ka tura nan ta ba ka gudu ɗaya, ka tura can ta ba ka wani. Na ce me Bajapane ya fi ni, in ban da masana'anta? Na samo farantai biyu masu haƙora, ɗaya 28 ɗaya 15, da kaca da boris huɗu, na kai wa mai walda ya haɗa mini akwati mai baki biyu. Baki ɗaya ya wuce kai tsaye da 540, ɗayan ya bi ta kaca ya fito da 1008. Lissafin nan har sau uku na yi shi, kuma daidai ne. Abin da ban yi daidai ba shi ne ɗaurin: na sa ƙaramin faranti ta wajen tarakta. Da muka tayar, maimakon 1008 sai 289. Famfo ya yi gurnani kamar mai shirin abin kirki, sannan ya ɗigo da ruwan da ko kaza ba zai ƙosar ba. Ƙanena bai ce uffan ba, ya dai juya baya kafaɗunsa na rawa.

Muka sauya farantan, ruwa ya feso kamar da bakin ƙwarya. Mako guda cur ina tafiya ina jin kaina injiniya.

Akwai wani ɗan abu da na ɓoye wa ƙanen nawa. Guntayen ƙarfe masu tsaga 6 ne kawai a hannuna, saboda haka su na sa aka walda a baki biyun, famfon kuma na sayo masa ɗan mahaɗi mai juya 6 zuwa 21. Ka ga ke nan bakin 540 da na 1008 sun zama tagwaye, ko uwarsu ba za ta rarrabe su ba. Sai na ɗauki alli na rubuta wa kowanne lambarsa. Alli fa. A kan ƙarfen da ke kwana a waje.

Aka yi ruwa da dare. Da safe na cika injin watsa taki da buhu huɗu, irin mai faifai a ƙasa da ke juyawa yana cilla ƙwayar takin. Na duba akwatina, ba rubutu. Na tabbatar wa kaina cewa na dama ne 540, na jona, na hau, na ba ta totur, na saki kuloci. Ƙas! Notin da ke riƙe da sandar da ke juya injin ya katse nan take.

Shi wannan noti mai laushi ne, an yi shi ne don ya mutu a madadin inji, in nauyi ya yi yawa ya karye kowa ya huta. Yau na san yana yi mini nasiha ne. A ranar kuwa cewa na yi kayan zamani ba su da ƙwari. Na tona akwatin kayan aiki na zaro wani baƙin noti mai taurin tsiya na ɗaure tam.

"Yaya, anya kuwa?"

"Matsa baya ka ga aiki."

Ya kuwa ga aiki. Faifan ya fara wani irin kuka kamar jirgi zai tashi. Daga baya ne ƙanen ya yi mini lissafin, ba tare da na tambaye shi ba: in gudu ya kusa ninkawa, ƙarfin da ke neman yaga faifai ba ninki biyu yake yi ba, ya haura uku. Ni a lokacin abin da na sani shi ne ƙwayar taki na harbina a ƙeya kamar tsakuwa. Na waiga, na hango ƙanena ya rufe kai da bokiti yana zabga gudu. Takin bai ko kalli gonata ba, tsallake iyaka yake yi yana sauka can cikin ta maƙwabci. Wani fiffiken faifan ya tsinke, ya wuce da fito ta saman kaina, har yau ba mu gan shi ba.

Ko kusa ban yi tunanin sauka in leƙa ba. Ƙarfen da ke juyi kusan sau 17 a daƙiƙa, in ya kama bakin riga, ba ya jiran ka ce wayyo. Ina lalubar libar kashewa ke nan kaca ta tsinke, ta yi mini aikin. Wuri ya yi tsit, sai ƙaurin giris da hayaƙi daga boris.

Ƙanen ya dawo da bokitinsa a hannu, ya leƙa akwatin, ya ce, "Na hagu ne 540, Yaya." Washegari ya sayo jan fenti da kuɗinsa ya shafa wa na dama.

Bayan mako uku, gonata na nan rawaya-rawaya, amma gefen ta maƙwabci ya yi wani kore shar, a lanƙwashe kamar jinjirin wata. Ina tsaye ina kallo sai ga mutumin ya ƙaraso. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, sannan ya rage murya.

"Malam, injin nan naka, in an gyara shi, don Allah ka ɗan bi ta gefen gabas. Can ne bai samu ba."